Asalin Dogon Turanci

Wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihi ne, kuma tarihin wani abu da kusan duk wanda ya taɓa zama a kan bencin makarantar boko ya ɗanɗani kuɗarsa, wato manyan kalmomin Turanci, irin waɗanda idan aka jefo maka guda ɗaya sai ka ji kamar an sauke maka taɓarya a ka. Bahaushe dai ya daɗe da yanke wa abin hukunci, domin idan mutum ya tsaya kewaye-kewaye ya ƙi fito da gaskiyar magana, cewa ake yi yana dogon Turanci, ko da kuwa da Hausa yake maganar. To amma su waɗannan kalmomi daga ina suka fito, kuma wa ya fara tara su a littafi ya ce a haddace? Abin da ya ba ni mamaki da na bi diddigi shi ne, su kansu Turawan Ingila sun yi shekaru aru-aru suna kuka da su tun kafin a san za su zo ƙasarmu.

Maganar daga yaƙi ta faro. A shekarar 1066 wani basarake mai suna William, daga yankin Normandy na ƙasar Faransa, ya ƙetare ruwa ya ci Ingila da yaƙi a kusa da wani gari da ake kira Hastings, ya hau gadon sarauta. Shi da hakimansa Faransanci suke ji, saboda haka fada ta koma Faransanci, kotu ma haka, coci da makaranta kuwa dama da harshen Latin suke aiki. Turanci sai ya zama harshen manoma da makiyaya da 'yan aikatau, aka yi wajen shekara 300 a haka. Har gobe tabon wannan zamani yana nan a jikin harshen. Dabba idan tana raye a hannun makiyayi sunanta na Turancin asali ne, "cow" ko "sheep", amma da zarar an yanka an kai wa mai gida a faranti sai ta koma "beef" da "mutton", kalmomin Faransanci. Wanda ya yi kiwo daban, wanda ya ci nama daban, kowa da harshensa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne a gaban alƙali. Talaka zai tsaya ana shari'a a kan gonarsa ko a kan ransa, ana yi da harshen da ba ya ji. Sai a 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin ƙara da Turanci, kuma dalilin da aka bayar shi ne mutane ba su san abin da ake faɗa a kansu ba, na alheri ko na sharri. Abin dariya, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Lauyoyi kuwa suka riƙe wani gurɓataccen Faransanci nasu na sana'a, takardun kotu kuma da Latin, har sai a shekarun 1730 majalisa ta tilasta a koma Turanci gaba ɗaya. Ko da aka koma, kalmomin ba su tafi ba. Su "plaintiff" mai ƙara, da "verdict" hukunci, da "attorney" wakili, duk ragowar wancan zamani ne. Kalmar "mortgage" da bankuna ke amfani da ita idan an jinginar da gida, asalinta kalmomi biyu ne na Faransanci, ɗaya mutuwa, ɗaya jingina. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwansa babbar kotu a nan ƙasar, ya ga yadda yake zare ido yana jiran tafinta, ya san irin halin da manomin Ingila ya shiga.

Wannan ne ya sa Turanci yake da kalma biyu ko uku ga abu guda, hawa-hawa kamar bene. Tambaya a bakin kowa "ask" ce, idan ta sa riga ta koma "question" ta Faransanci, idan ta naɗa rawani ta zama "interrogate" ta Latin. Wuta "fire" ce, sai "flame", sai "conflagration". Mu ma ai muna da irin wannan. Jaki ya mutu, maƙwabci ya rasu, babban malami kuwa wafati ya yi. Abin da Larabci ya yi mana, shi Latin da Faransanci suka yi musu, sai dai nasu ya fi yawa, don fiye da rabin kalmomin da ke cikin babban ƙamus na Turanci daga waɗannan harsuna biyu suka fito.

Ambaliya ta biyu ta zo ne bayan William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476. Masana suka duƙufa fassara littattafan Latin da na Girkanci, suka ga Turanci ba shi da kalmomin da za su ɗauki irin wannan ilimi, sai kawai suka riƙa ɗauko kalmar Latin su yanke mata wutsiya su ce ta zama Turanci. Wasu don bukata suka yi, wasu kuma don burga. Masu adawa da abin suka raɗa wa irin waɗannan kalmomi suna "inkhorn terms". Shi "inkhorn" ɗan ƙaho ne da marubutan lokacin ke zuba tawada a ciki, wato dai kurtun tawada irin na almajirai, ma'ana kalmomin da ba su taɓa fita daga bakin mutum ba, daga kurtu sai takarda. Wani Thomas Wilson ya yi musu ba'a sosai a littafinsa na 1553. Shi kuwa John Cheke, wanda shehin malamin Girkanci ne a Jami'ar Cambridge, tsayawa ya yi kai da fata a kan cewa a bar Turanci da kayansa, har ya gwada fassara wani sashe na Linjila da kalmomin gida zalla. Ni wannan mutum yana burge ni, domin ya fi masu burgar sanin Latin da Girkanci, amma shi ne ya ce a sauƙaƙa.

Ba wanda ya yi nasara gaba ɗaya a wannan rigima. Jama'a ne suka yi tankaɗe da rairaya. Wasu kalmomin da aka yi wa dariya a lokacin, irin su "celebrate" da "dismiss", yau ɗan firamare ma ya san su. Wasu kuma suka mutu murus, kamar "deruncinate" wadda ake nufin cire ciyawa da ita, da "adminiculation" wato taimako. An karɓi "impede" aka watsar da 'yar uwarta "expede", an karɓi "prohibit" aka bar "cohibit" a kurtu.

To a tsakiyar wannan hali ne aka haifi ƙamus na farko na Turanci zuwa Turanci, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. A 1604 wani Robert Cawdrey, tsohon limamin coci da aka tsige saboda saɓani da shugabanninsa ya koma koyar da yara, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna A Table Alphabeticall. Kalmomi wajen 2,500 ne a ciki, kuma babu "gida" ko "ruwa" ko "kare", don a ganinsa wa zai nemi ma'anar abin da ya sani? Masu wuyar kawai ya tara. A bangon littafin ya bayyana waɗanda ya yi dominsu: matan gida da sauran waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, don su gane abin da suke ji a wa'azi da abin da suke karantawa. A wancan zamani makarantun da ake koyar da Latin na maza ne, saboda haka mace tana iya karatu sarai amma ta zo kan kalma ɗaya ta tsaya cik, ba don rashin basira ba, sai don an rufe mata ƙofar da ake shiga a san kalmar. Sabon abu ne ƙwarai a lokacin, har sai da ya yi wa masu karatu bayanin yadda ake neman kalma ta bin jerin haruffa. Kwafi ɗaya tak na bugun farko ya rage a duniya, yana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford.

Ina karanta wannan sai masu karanta littattafanmu suka faɗo mini a rai. Kowa ya san mafi yawansu mata ne, da yawa a cikin gida suke, wasu firamare suka tsaya, wasu Islamiyya ce ta koya musu haɗa baƙi. Zan dawo kan wannan.

Shekara 19 bayan Cawdrey, a 1623, sai wani Henry Cockeram ya fito da nasa, wanda shi ne na farko da ya ɗauki sunan "dictionary" a cikin irin waɗannan. Shi wannan bawan Allah ƙara wani sashe ya yi wanda ya juya abin baibai: ka nemi kalma mai sauƙi, ya ba ka mai wuyar da za ka sa a madadinta don a ce ka iya. Kun ga ke nan tun daga farko hanya ta rabu biyu. Cawdrey mabuɗi ya miƙa wa wanda aka rufe a waje, Cockeram kuwa har da kwado ya haɗa ya sayar wa mai son rufe wasu. Duk wani littafin koyon manyan kalmomi da aka buga daga baya, a ganina jikan ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ne.

Sauran tarihin ƙamus ba zan ja shi ba. Samuel Johnson ya yi shekara 9 yana aikin nasa, ya fito a 1755 da kalmomi sama da 42,000, manya da ƙanana. Babban ƙamus na Oxford kuwa an damƙa shi a hannun James Murray a 1879, kashin farko ya fito a 1884 bai ma gama harafin A ba, Murray ya rasu a 1915, aikin bai kammala ba sai 1928 da kalmomi fiye da 400,000. Shi Murray ɗin yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta, sauran da kansa ya koya. Wannan ya kamata ya sanyaya zuciyar irinmu da ba mu leƙa jami'a ba.

Akwai kuma kalmomin da 'yan makaranta ke gasar haddacewa saboda tsawonsu. Mai haruffa 28, "antidisestablishmentarianism", tana da tarihi na gaske: a ƙarni na 19 wasu sun nemi a raba Cocin Ingila da gwamnati, wasu suka ƙi, to ra'ayin masu ƙin ne ake kira haka. Mai haruffa 29, "floccinaucinihilipilification", wasa ne na 'yan boko, an ɗinke kalmomin Latin huɗu ne da duk suke nufin abin banza, ma'anarta ɗaukar abu a bakin komai. A 2012 wani ɗan majalisar Ingila, Jacob Rees-Mogg, ya furta ta a zauren majalisa. Mai haruffa 45 ɗin nan da ke farawa da "pneumono", wadda ake cewa sunan ciwon huhu ne da ƙurar dutse ke kawowa, ba likitoci ne suka ƙirƙiro ta ba, ta fito ne a 1935 daga wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa a Amurka, da gangan don ta zama mafi tsawo.

Yanzu bari mu dawo gida. Kada wani ya zaci Bature ne ya koya mana son kalma mai wuya. Tun kafin zuwansa almajirin da ya yi nisa a zaure yana karanta Muƙamar Hariri, littafin malamin Basra da ya rasu a 1122, wanda ya tara labarai 50 cike da luggar da ko Balarabe sai ya yi gumi. Ita kanta kalmar ƙamus sunan littafin Fairuzabadi ne, kuma ma'anarta teku. Sai dai ku lura da yadda ake karatun zaure: almajiri ya ja kalma, malam ya fassara da Hausa, ya ja ta gaba, malam ya fassara. Ba a wuce kalma ba a buɗe ta ba. Wannan tarbiyya ce babba, kuma ita ce ba mu ɗauko ba da muka shiga boko.

Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma da Hausa aka fara koyarwa. Turanci sosai sai a Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda aka fi matsa wa ɗalibai a kan lafazi da fitar da magana tsaf. Daga can su Sardauna da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Duk wanda ya saurari jawabin Tafawa Ɓalewa na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 zai ji cewa ba da manyan kalmomi ya sami laƙabin mai muryar zinare ba, kalmominsa matsakaita ne, natsuwa ce da tsari. A kudu kuwa wani salo ne ya yi tashe. K. O. Mbadiwe, minista a Jamhuriya ta Farko, ya shahara da kiran manyan mutane masu "timber and calibre", har ya zama sunansa. Marubutan kasuwar Anacha, waɗanda daga sunansu ne masu suka suka yanko mana namu na Adabin Kasuwar Kano, sun ga abin sun yi masa ba'a: a wasan kwaikwayon Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali, 1956, akwai wani Bomber Billy wanda ba ya iya faɗin ya faɗi ƙasa sai ya kwaso rabin ƙamus. A zamaninmu kuma an yi Patrick Obahiagbon a Majalisar Wakilai daga 2007 zuwa 2011, wanda idan ya miƙe 'yan jarida ke gyara zama, a yi dariya a tafa, a tashi ba a san me ya nema wa mazaɓarsa ba.

Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 mun gaji duka biyun. Akwai The Student's Companion da First Aid in English, masu jerin kalmomi shafi-shafi: kishiyoyi, masu kama da juna, sunan 'ya'yan dabbobi, sunan taron dabbobi. Mun haddace cewa taron zakuna "pride" ne, na dinya kuma "gaggle". Daga baya na gano cewa irin wannan jeri ya samo asali ne daga littattafan farauta na 'ya'yan sarautar Ingila, musamman wani da aka buga a garin St Albans a 1486, don a bambance ɗan gidan girma da talaka ta hanyar magana. Yaro a Gwammaja yana shan bulala a kan kalmar da aka tsara don 'yan farautar wata ƙasa shekara 500 da suka wuce! A wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi kuma akan sami mujallar Reader's Digest, mai shafin gwajin kalmomi da Wilfred Funk ya fara a 1945. Kusan kowane ɗalibi mai ji da kansa yana da ɗan littafin da yake tara abin da ya tsinta, kuma ba a jarrabawa ake kashe su ba, a wasiƙar soyayya ne. Samari da yawa sun rubuta wa 'yan mata "doxology" suna ganin wata zuma ce, alhali ma'anarta gajeriyar waƙar yabon Ubangiji da ake rerawa a coci.

Amma a cikin akwatin ɗalibin nan akwai wani littafin da ya saɓa wa sauran, wanda iyayenmu da yayyenmu ke kira da sunan mai shi kawai, Michael West. Shi West malamin makaranta ne Bature da ya yi aiki a yankin Bengal na ƙasar Indiya ta lokacin. Ya lura yawancin yara suna barin makaranta kafin su iya karanta komai da Turanci, saboda littattafan cike suke da kalmomin da ba za su sake haɗuwa da su ba. Sai ya rubuta littattafan karatu da ke shigo da sabuwar kalma kaɗan-kaɗan, a maimaita ta har ta zauna. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da The New Method English Dictionary, wanda ya yi bayanin kalmomi da salon magana wajen 24,000 da kalmomi 1,490 kacal. A 1953 kuma ya buga jerin kalmomi kimanin 2,000 da ya nuna su ne ginshiƙin harshen. Wato mutumin da sunansa ya zama kirarin masu manyan kalmomi a Nijeriya, rayuwarsa duka a kan rage su ya ƙare ta. Ƙamus na Bargery na 1934 ya fi amfanar Bature mai koyon Hausa. Wanda ya juyo ya fuskanci ɗalibin Bahaushe shi ne Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner a 1965.

Na ce zan dawo kan masu karatunmu. Mu marubuta mun ɗauki wata ɗabi'a: idan muna so a san jarumi ɗan masu kuɗi ne da ya yi karatu a Landan, sai mu cika masa baki da Turanci, layi uku ko huɗu, ba fassara. Ba na ƙin Ingausa, haka mutane ke magana a Zoo Road da jami'o'i, kuma labari ba ya gudun gaskiya. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora maganar da labarin ya rataya a kanta, saki ne ko neman aure ko sakamakon asibiti, a kan kalmar da marubucin ma a ƙamus ya tsinto ta jiya. Matar da ta ba yaro kuɗin cefanenta ya karɓo mata hayar littafin ta zo nan ta tsaya, ba malamin zaure a kusa da zai fassara mata. Ogali ya sa manyan kalmomi a bakin wanda ake yi wa dariya, mu kuma muna sa su a bakin wanda muke so a so.

Ga mai son koyon irin waɗannan kalmomi don ya gane abin da aka rubuta masa a takardar kotu ko ta banki, hanyar da na ga ta fi hadda ita ce bin saiwa, kuma duk wanda ya taɓa Larabci ya riga ya san ta. Hukunci da hakimi da hukuma da hikima duk daga baƙaƙe uku suka tsiro. Haka Latin yake a cikin Turanci. "Scrib" rubutu ne, "manu" hannu ne, saboda haka "manuscript" rubutun hannu, "prescription" abin da likita ya rubuta tun kafin a ba ka magani. Doguwar nan mai haruffa 28 ma idan ka datsa ta gaɓa-gaɓa, ƙin, rushe, kafawa, masu ra'ayi, sai ka ga ta zube. "Ped" kuwa ƙafa ce. "Pedestrian" mai tafiya a ƙasa, "impede" da muka ambata ɗazu asalinta sa wa ƙafa dabaibayi, "expedite" kwance dabaibayin don a yi sauri. Daga wannan saiwa ce "pedal" ta fito, wadda ta shigo Hausa ta zama feda, kuma mai gyaran keke a bakin Kasuwar Rimi yana faɗin ta sau ashirin kafin azahar.